Itacen da Ya Ƙare Yana Tsaye

A lambun tsirrai na birnin Durban, can gaɓar tekun Indiya a Afirka ta Kudu, akwai wasu itatuwa da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa sunansu cikin jerin abubuwan da suka ƙare a daji. Wanda ya ji haka zai zaci busasshen ganye ne manne a takarda, ko wani guntun kututture a akwatin gilashi. Itatuwan kuwa ga su nan ƙyam kusa da matakalar tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta lambun, sun ninka tsawon mutum har da ɗori, ganyensu kore shar yana sheƙi, babu alamar ciwo a tare da su. Sunan da ke jikin allon gindinsu Encephalartos woodii. Irinsu ɗaruruwa ne a duniya: akwai a lambun Kew na Landan, akwai a Dublin da Amsterdam, akwai a Amurka, akwai a Kirstenbosch na Cape Town. To yaya za a ce abu ya ƙare alhali ɗaruruwansa suna raye, suna cin taki suna shan ruwa? In ma a daji ne kaɗai ya ƙare, me ya hana a ɗebi irinsa a koma dajin a shuka?

Wannan tambaya ce ta cinye mini yammacin wata Juma'a. Na fito daga babban masallacin da ke tsohon titin Grey, wanda yanzu ake kira titin Dr Yusuf Dadoo, ga sauran rana a gaba, sai na ce bari in leƙa lambun, tunda ba nisa kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ɗabi'ata ce in na sauka baƙon gari in nemi lambun tsirransa, domin a can ake gane yadda abin da mutanen garin suke nomawa ya zo hannunsu. Na Durban shi ne mafi tsufa cikin lambunan tsirran Afirka da suka rage har yau. An kafa shi a 1849, aka dawo da shi mazauninsa na yanzu a gangaren unguwar Berea a 1851, kuma tun farko ba don shan iska aka yi shi ba. Gonar gwaji ce, inda Turawan Natal, yankin da Durban take ciki, suke jarraba rake da gahawa da ganyen shayi su ga wanne ƙasar za ta karɓa. Rake ta karɓa. Saboda raken aka fara kwaso leburori daga Indiya a 1860, 'yan kasuwa Musulmi suka biyo bayansu, su ne kuma suka kafa masallacin da na fito daga cikinsa. Yau lambun fili ne mai kimanin hekta 15, da tafki da tsuntsayen ruwa, da ɗakin furanni, da birai masu sa ido kan jakar abincin baƙi, da amare ana ta ɗaukarsu hoto.

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne kamanni. Duk Bahaushen da ya hango itacen nan daga nesa zai ce ɗan'uwan dabino ne ko kwakwar manja: ganga ɗaya miƙe, ganye a ka ya baje. Amma kama da wane ba ta wane. In ka matso za ka ga ganyen yana da kauri da tauri, tsawon kowane reshe ya kai mita biyu, ƙananan ganyayen da ke wajen gindin reshen kuma sun rikiɗe sun zama ƙaya. Jikin itacen duk sawun tsofaffin rassa ne da suka zube, tabo kan tabo, gindinsa ya buɗe ya yi faɗi don ya iya riƙe nauyin kan. Sannan ba ya fure. Dabino yana fure, wannan dangi kuwa, da masana ke kira saikad, bai taɓa yi ba, domin tun kafin itatuwa masu fure su bayyana a doron ƙasa yake nan, shekaru sama da miliyan 250 a lissafin masu binciken duwatsu. Abin da yake fitarwa a tsakar kansa wani dogon curi ne mai ɓawo-ɓawo, wanda zan riƙa kira zangarniya. Dangin ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Akwai ɗan'uwansa Encephalartos barteri a cikin duwatsun Najeriya da Benin da Togo da Gana, mai ɗauke da sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin wani Bature mai suna Baikie a kogin Kwara a 1857. Wani reshe na wannan ɗan'uwa a tsaunukan Filato kaɗai ake samunsa, shi ma yana cikin haɗari, kuma da wuya ka ji wani daga cikinmu ya ambace shi.

Da na ɗaga kai na tarar da itacen ɗauke da zangarniyoyinsa, cunkushe a tsakar ganye, launin ruwan lemo mai haske, kowace ta kusa kamu guda. Sai na sunkuya na duba ƙasa, kuma a nan lamarin ya fara ɗaure mini kai. Itacen da ya yi irin wannan goyo an san abin da za a gani a gindinsa. A ƙarƙashin wasu saikad da ke can gefe akwai jajayen 'ya'ya a zube, akwai ƙwallayen da birai da tsuntsaye suka cinye namansu suka yar. A gindin wannan ko ƙwallo ɗaya babu, balle ɗan tsiro.

Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne ana tsincewa. Akwai dalili mai ƙarfi na yin haka, domin a Afirka ta Kudu satar saikad sana'a ce ta masu kuɗi. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin duk wani Encephalartos da aka tono daga daji tsakanin ƙasashe, amma masu tara su a gidajensu suna biyan maƙudan kuɗi, har ya kai ana dasa wa itatuwan wata 'yar na'ura a cikin jiki don a gane su in an sace. A watan Agusta na 2014 ɓarayi sun shiga lambun Kirstenbosch suka tone saikad 24, mafi yawansu daga wani nau'i da saura kaɗan ya ƙare. Lambun da ya san haka ba zai bar irin itace mai daraja zube a ƙasa ba.

Wani dattijo Bazule cikin kayan aiki yana tara busassun ganye a nan kusa. Na ƙarasa wurinsa.

"Sannu da aiki, Baba. Ku kuke tsince 'ya'yan itacen nan don gudun ɓarayi?"

Ya jingine manjagararsa ya dube ni. "Ɗana, tun ina saurayi nake aiki a lambun nan, ban taɓa tsintar ɗa ko ɗaya a gindinsa ba. Waɗanda na tarar ma ba su taɓa ba. Zo ka gani."

Ya ɗauko wata tsohuwar zangarniya daga cikin baronsa, ta yanƙwane ta lanƙwashe, launinta ya koma ruwan ƙasa. Ya ɓantaro ɓawo ɗaya ya juya mini bayansa. Ƙananan ƙwayoyi ne a jere, manne da juna, ba su kai ƙwayar gero ba, kowace bakinta a fashe. Ya buga zangarniyar a tafin hannunsa, wata 'yar ƙura ruwan ɗorawa ta zubo ta manne a layukan hannun.

"Iyakar abin da yake haifarwa ke nan," in ji shi. "Namiji ne. Wancan ma namiji ne, na bayansa ma haka."

Wanda ya taɓa zama cikin manoman dabino, a Dutse ko a Ingal ko a Bilma, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Dabino namiji daban, mace daban. Namijin ƙura kawai yake bayarwa, shi ya sa in lokacin barbara ya yi manomi yakan hau ya yanko furen namiji, ya sa shi cikin furen mace ya ɗaure, namiji ɗaya kuma ya ishi mata masu yawa. Giginya da goruba ma haka halittarsu take. Saikad duk danginsa haka suke, sai dai su wasu ƙananan ƙwari ne suke yi musu aikin manomin. In zangarniyar namiji ta nuna takan ɗau zafi har ta fi iskar da ke kewaye da ita, ta riƙa fitar da wani wari mai ƙarfi, ƙwarin su taru su yi birgima cikin ƙura, daga nan su wuce zangarniyar mace. Itatuwan Durban suna cika nasu rabon aikin duk lokacin da ya zagayo. Ƙurar ce ba ta da inda za ta sauka.

"To Baba, ina matan suke?"

"Babu."

"A lambun nan babu, ko a garin nan?"

"A duniya, ɗana."

Wannan amsa ta warware ƙulli ɗaya ta kawo wanda ya fi shi tauri. In da a ce ɗaruruwan itatuwan nan daga ƙwallo aka shuka su, da kusan rabinsu mata ne, domin haka rabon yake fitowa. A ce an shuka ɗaruruwa duk sun fito maza, hankali ba zai ɗauka ba. Ashe ke nan ba daga ƙwallo suka fito ba. To daga ina?

Manomin dabino ya san amsar wannan ma. In ka shuka ƙwallo ba ka san abin da zai fito ba sai bayan shekaru, wataƙila namiji, wataƙila mace mai 'ya'ya marasa zaƙi. Saboda haka mai son tabbas yakan ɓalle tohon da ya fito a gindin macen kirki ya dasa, abin da zai tashi kuwa ita ce sak, jinsinta da ɗanɗanonta. Dattijon ya zagaya da ni bayan itacen ya nuna mini wasu dunƙulallun toho manne a gindinsa, kowane da ganye biyu ko uku. Irin waɗannan ake jira su yi ƙwari, a yanke su da wuƙa mai tsabta, a bar yankan ya bushe, a kafa su cikin yashi har su yi saiwa. Tohon namiji kuwa namiji zai ba ka, ko sau dubu ka dasa. Na Landan da na Dublin da na Amurka da waɗanda nake tsaye a gabansu, dukkansu jiki ɗaya ne aka yayyanka aka rarraba wa duniya. Ɗaruruwan da ake ƙirgawa, in an bi asali, itace ɗaya ne tak.

Labarin wannan itace ɗaya a rubuce yake, kuma daga wannan lambu ya faro. John Medley Wood, Bature ne da aka haifa a Ingila a 1827, ya yi aikin jirgin ruwa, ya zo Natal a 1852 ya yi noma da kasuwanci, son tsirrai ya ja shi har aka ba shi riƙon lambun Durban a 1882. A 1895, yana dattijo ya haura shekara 65, ya je yawon tattara tsirrai a kurmin oNgoye, a ƙasar Zulu, kimanin kilomita 150 arewa da Durban. A wani gangare mai tsauri a bakin kurmin ya ci karo da wani saikad mai ganga huɗu daga gindi ɗaya, da toho kewaye da shi. Da farko ya ɗauka wani launi ne na wani nau'in da aka riga aka sani. A 1899 aka aika da toho ɗaya zuwa Kew. A 1903 mataimakinsa James Wylie ya je ya ɗebo toho uku aka dasa a Durban, a 1907 kuma ya koma ya tono manyan ganguna biyu, su ne waɗannan da suke tsaye har yau. A 1908 wani masanin shuke-shuke na Ingila, Henry Sander, ya tabbatar da cewa nau'i ne mai zaman kansa, ya sa masa sunan Wood.

Ganga biyu suka rage a daji. Tun a zuwansa na 1907 Wylie ya ga an yi wa babbar rauni ƙwarai, ya ce ba ya zaton za ta rayu, kuma zuwa 1912 ta riga ta mutu. Saura ɗaya. A 1916, shekara guda bayan rasuwar Wood, ma'aikatar gandun daji ta ji tsoron ita ma za ta bi sahu, sai aka tone ta aka kai Pretoria, inda ake zaton ta rayu har 1964. Ranar da aka tone wannan ganga ita ce ranar da itacen ya ƙare a daji, kuma masu son cetonsa ne suka tone ta.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kuma a ganina ba Wood da Wylie ba ne. Abin da aka bari a daji an ga ƙarshensa, abin da aka kawo lambu ga shi nan bayan shekara sama da ɗari yana goyo. Da ba su tono ba, da yau ko namijin ma babu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ganguna huɗun da Wood ya tarar tun a lokacin itace ɗaya ne, kuma tun daga 1895 zuwa yau babu wanda ya taɓa kawo shaidar ya ga na biyu, namiji ko mace. Wato Wood bai tarar da al'umma ba, na ƙarshenta ya tarar. Ƙarewar ta riga zuwansa. Duk da haka ba zan ɓoye abin da yake damuna ba: sha'awar da ta sa lambuna suka yi ta neman tohon wannan itace, da an sake mata linzami, ita ce dai take sa mutum ya biya ɓarawo ya haura katangar Kirstenbosch da dare. Wasu nau'o'in saikad na Afirka ta Kudu sun ƙare a daji a zamaninmu, da mazansu da matansu, ba don fari ko gobara ba, sai don an kwashe su zuwa farfajiyar masu hali.

Saura tambaya ɗaya: shin ana iya samar da macen? An taɓa ganin saikad ya sauya jinsi, jefi-jefi, yawanci bayan wata babbar wahala kamar tsananin sanyi ko ciwon dasawa. Masana sun yi ta gwada hanyoyin da za su sa tohon wannan itace ya juye ya zama mace, har yanzu ba a dace ba. Lamarin kuma yana buƙatar haƙurin da ya wuce rayuwar mutum ɗaya. Tohon da aka kai Kew a 1899 bai yi zangarniyarsa ta farko ba sai a 2004, bayan shekara 105.

Hanyar da ta fi nisa ita ce ta auratayya. Itacen yana da ɗan'uwa na kusa, Encephalartos natalensis, wanda matansa suna nan da yawa, kuma ƙurar itacen Wood tana kama su. Sai a ɗauki ƙurarsa a zuba wa macen ɗan'uwan, a sami 'ya'ya rabi da rabi. A jira su girma, a zaɓi mace a cikinsu, a sake zuba mata ƙurar itacen Wood, jikoki su fito kashi 75 cikin 100 nasa ne. A maimaita, a sami kashi 87.5, a sake, a haura 93. Kowane mataki sai an jira shekara goma ko fiye kafin 'yar ta isa goyo, don haka wanda ya fara aikin da wuya ya ga ƙarshensa. An yi nisa a wannan hanya, har akwai itatuwan da a ido da ƙyar za ka bambanta su da na asali.

Sai dai binciken ƙwayoyin gado ya gano wani shinge a ƙarshen hanyar. A cikin kowane ganye akwai wasu ƙananan korayen ƙwayoyi, su ne suke juya hasken rana ya zama abincin itace, kuma suna da nasu gadon daban da na sauran jiki. Da aka duba 'ya'yan wannan auratayya sai aka ga duk daga wajen uwa suka gaje su, uba bai ba da ko ɗaya ba. Ma'anar wannan ita ce, ko sau nawa aka maimaita barbarar, tattaɓa-kunnen da za a samu tana ɗauke da korayen ƙwayoyin kakarta ta farko, wadda ba 'yar gidan ba ce. Za a sami mace mai haihuwa, mai kama da itacen Wood ƙwarai, kuma ni ina ganin aikin ya cancanci a ci gaba da shi, domin itace mai haihuwa yana iya komawa daji ya riƙe kansa. Amma macen asali ba za ta fito ta wannan ƙofa ba.

Shi ya sa aka koma oNgoye. Kurmin ya kusa hekta 4,000, ga duwatsu ga kwazazzabai, kuma ba a taɓa bin sa lungu-lungu da ƙafa ba. A 2022 da 2024 wata tawaga ƙarƙashin Dr Laura Cinti ta Jami'ar Southampton ta yi shawagi a kansa da ƙananan jirage marasa matuƙi, ɗauke da kyamarori masu ganin launukan da idon mutum ba ya gani. Hotunan dubbai ne, don haka aka koya wa ƙirƙirarriyar basira siffar kan saikad in an hango shi daga sama, ta riƙa tace su. Zuwa 2024 abin da aka duba bai kai kashi 2 cikin 100 na kurmin ba, kuma ba a ga komai ba. Aikin yana da wuya ta fuska biyu. Kyamara saman kurmi take gani, itacen da manyan itatuwa suka lulluɓe yana iya ɓuya mata. In kuma an yi sa'a an hango wani, sai mutum ya taka da ƙafa ya je ya tabbatar ba ɗan'uwan ba ne, sannan a zauna jiran zangarniya, domin a wannan dangi ganye da ganga ba sa nuna wa ido namiji ne ko mace sai ranar da itacen ya yi goyo.